Bindigar da Ta Yi Yaƙin Ningi

In dai ta bakin masu su za a bi, babu tsohuwar bindiga a ƙasar Rano da ba ta yi yaƙi da Ningawa ba. Daga cikin gari zuwa Rurum, daga Kibiya zuwa ƙauyukan da ke gindin duwatsu, duk gidan da ka tarar da doguwar bindiga a rataye a bango ko an cusa ta a tsakanin azara, labarin ɗaya ne: ta kakan kakanmu ce, da ita ya tsare ƙofar gari ranar da aka kawo hari. Wadda ba ta ga Ningawa ba, to ta je Bebeji ranar da Nasara suka zo. Wadda ta makara ga wannan kuma, daga Bama aka zo da ita. Mun taso muna jin haka, kuma muna so ya zama gaskiya, don ba wanda ke ƙin a ce kakansa namiji ne.

Harin dai ba ƙage ba ne. Tun daga wajen tsakiyar ƙarni na 19, bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka shiga duwatsun Ningi, kudancin Kano bai sake barci da ido biyu ba. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su, kuma har yau sunayen Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya ba baƙi ba ne a bakin tsofaffinmu. An kama mutane a gona, an kwashe shanu, an yi ganuwa an kwana a bayanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin wannan yaƙi da kwari da baka aka yi shi, da mashi da takobi. Bindiga a lokacin kayan fada ce. Sarki ke sayenta, shi ke ajiye albarushi, kuma galibi a hannun bayinsa take. Su ne asalin 'yan bindiga, kafin zamani ya ɗauki sunan ya ba mutanen daji. Manomin da ya hau ganuwa ya fi kusa da riƙe baka fiye da riƙe bindiga.

To daga ina duk waɗannan da ke gidajenmu suka fito?

Mafi yawansu hajar kasuwa ce. Garuruwa biyu a Turai, Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, sun daɗe suna ƙera bindigogi masu araha musamman don kasuwar Afirka. Wasu sun biyo ayarin Tarabulus ta hamada, wasu sun hauro daga bakin teku. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burasels, wadda ta taƙaita sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi, amma ta bar ƙofa ga tsohuwar bindigar ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki. Sakamakon haka, bindigar da sojan Turai ya daɗe da jefarwa ta ci gaba da fitowa sabuwa fil daga masana'anta har cikin ƙarni na 20, ana kawo ta kanti ana sayar wa maharba. Siffarta ta shekara ɗari biyu ce, amma shekarunta na iya gaza na kakar mai karanta wannan. Ga kuma wadda maƙeranmu suka ƙera a nan gida, harba-ka-ruga, wadda ba ta taɓa ganin teku ba.

Mu ba masana ba ne, kuma ba mu tara bindiga. Wayar hannu ce ta jefa mu cikin sha'anin. A Amurka da Ingila akwai mutanen da aikinsu ke nan, tara tsofaffin bindigogin da sojoji suka daina amfani da su, kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Sukan kwana suna gardama a kan wani ɗan hatimi da bai kai ƙwayar gero ba. Da farko abin dariya ya ba mu. Daga baya muka lura cewa irin waɗannan hatimai suna nan a jikin bindigogin da muka taso muna gani, ba wanda ya taɓa gaya mana rubutu ne da ake karantawa.

Ga yadda yake. Tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Bamingam. Kafin a sayar da bututu sai an kai shi can, a ɗura masa albarushi fiye da kima a harba. In bai fashe ba, a buga masa hatimi kusa da gindinsa, wani lokaci ta ƙasa inda katako ya rufe. Daga 1813 zuwa 1904 hatimin sandunan sarauta biyu ne a gicciye, da kambi a sama. A 1904 aka canza: sai kambi a kan haruffan BP, da wani kambin a kan BV. Na Liyej kuwa haruffan ELG ne a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Duk wanda ya san tarihin Kano zai ga inda wannan shekara ta 1904 ta faɗo. Rundunar Kanar Molan ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Ke nan duk bututun da ke ɗauke da BP da BV, Kano ta riga ta faɗi kafin a buga masa hatimi. Bai ga Ningawa ba, bai ga Bebeji ba, komai rantsuwar mai shi.

Wata rana wani dattijo, abokin mahaifinmu, da ke zaune a wani ƙauye ta hanyar Kibiya, ya aiko a kira mu. Wani dillali daga birni ya zo sau biyu yana taya bindigar gidansu, kuma kuɗin da ya ambata ya isa sayen taki na damina guda har da canji. Dattijon yana da ɗiyar da za a aurar bayan kaka. Abin da ya tsayar da shi ba son bindigar kaɗai ba ne, tsoro ne kada a yi masa wayo.

"Ku da kuka yi boko," in ji shi, "ku duba min. In ta Ningi ce, ai ba wannan ne kuɗinta ba."

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kwantar da ita. Tsawonta ya kai kafaɗar mutum a tsaye. An naɗe tsakiyarta da jar fata a wuri uku, an ɗaure wani wurin da wayar tagulla, ga laya biyu a ɗinke kusa da gindi. Kafin mu taɓa komai muka tambaya ko an tabbata babu ɗuri a ciki, don tsohon albarushi ba ya tsufa yadda mutane ke zato. Sai da aka zura sanda aka auna ciki da waje aka ga tsawon ɗaya ne, sannan muka juya ta. Da ɗan tsumma da man gyaɗa muka goge gindin bututun a hankali, muka haska da fitilar waya.

Kambi, da BP a ƙasansa. Gefe kuma kambi da BV.

Muka dubi juna. Ba ƙaramin abu ba ne ka gaya wa mai shekara tamanin cewa abin da ubansa ya gaya masa, wanda shi ma ya ji daga nasa uban, ƙarfe ya musa shi. Sai muka ci gaba da dubawa, wataƙila don mu sami lokacin shirya magana. Nan ne abin ya ƙara rikicewa. Farantin ƙarfen da kunama ke jikinsa ya fi bututun cinyewa nesa ba kusa ba. Gefensa ya side kamar tsohon kwabo, kuma da ƙyar ake ganin kalmar TOWER a kansa. Katakon kuwa ba icen Turai ba ne, maɗaci ne, ga sawun gizago a jikinsa, kuma ramin da aka sassaƙa wa farantin ya ɗan fi shi girma, an cike da fata. Kusoshi biyu na maƙera ne, ɗaya kuma noti ne mai kusurwa shida irin na keke.

Wato ba bindiga ɗaya ce a gabanmu ba. Aƙalla uku ce, ko huɗu, aka haɗa su a tsawon shekarun da ba mu san adadinsu ba.

"Baba," muka ce, "bututun nan dai bayan zuwan Turawa aka yi shi, wannan babu shakka. Katakon kuma a nan ƙasar aka sassaƙa shi. Amma kunamar ta girme su duka."

"To ta je Ningi ko ba ta je ba?"

Wannan tambaya ce ƙarfe ba ya amsawa. Kalmar TOWER asalinta ta ma'ajiyar makaman gwamnatin Ingila ce da ke Landan, kuma tana kan bindigogin soja na gaske. Sai dai 'yan kasuwar Bamingam da na Liyej sun gane cewa masu saye a Afirka na neman wannan suna, suka yi ta buga shi a kan hajarsu mai araha shekara da shekaru. Farantin dattijon zai iya zama na bindigar da wani sojan Ingila ya riƙe kafin a haifi Maje Karofi, zai kuma iya zama na kanti. Ko da ma na sojan ne, ba zai faɗi hannun da ya riƙe shi a Rano ba, balle ranar. Hatimi yana iya ƙaryata labari kai tsaye, in shekara ta ƙi shekara. Gaskata shi ne ba ya iyawa. Iyakar abin da zai ce shi ne: mai yiwuwa ne.

Haka muka gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ya tuna mahaifinsa ya taɓa cewa bindigar ta fashe a hannun wani ƙanen kakansu a wajen farauta, ta cire masa yatsu biyu, aka kai ta maƙera aka sake mata baki. Bai taɓa haɗa wannan da maganar Ningi ba, don a wurinsa bindigar ita ce ita, ko an sake baki ko ba a sake ba. Mu kuwa a wurinmu wannan labarin yatsu biyu ya fi na Ningi nauyi, domin shi ne kaɗai wanda ƙarfen ya tsaya masa shaida.

A nan ne hanyarmu da ta masu tarawa na Turai ta rabu. Abin da suke biya da tsada shi ne bindigar da ba a taɓa ba. Suna so lambar da ke jikin gangar ta zo daidai da wadda ke jikin sakata, katakon ya zama wanda ta fito da shi daga masana'anta, launin ƙarfen ya zama na asali ko da ya koɗe. In an goge ta da yashi ta yi ƙyalli, darajarta ta faɗi. In an sake mata wani sashe, ta faɗi. A ma'auninsu, bindigar dattijon tarkace ce da ba ta wuce a rataye ta ado ba. Amma duk abin da ya zubar da ita a idonsu, shi ne tarihin Rano da ke jikinta: maƙerin da ya iya aura tsohuwar kunama da sabon bututu, masassaƙin da ya zaɓi maɗaci don gara ba ta cika son ɗacinsa ba, dukawan da suka naɗe ta, malamin da ya rubuta layar. Wadda ta fito daga akwati ba tabo, tarihin Bamingam kawai za ta ba ka.

Akwai kuma ɗaya rukunin, bindigogin soja na ainihi masu cin harsashi, waɗanda su ne masu tarawa suka fi rububi a kai. Martini-Henry, wadda sojan Ingila ya fara riƙewa a 1871, harsashi ɗaya take ci, ana buɗe ta da wani hannu da ke ƙarƙashi. A gefen damanta akwai kambi, da haruffan VR na Sarauniya Biktoriya, da sunan masana'anta, da shekara. Bayanta sai dangin Lee-Enfield mai cin harsashi 10, wadda samfurinta na 1907 ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, na huɗu kuma ya yi na Biyu, kuma 'yan sandan ƙasar nan suka daɗe suna saɓawa. Kayan gwamnatin Ingila na ɗauke da wata alama kamar sawun kaza, wato kan kibiya mai faɗi. In gwamnati ta sayar da abu ta fitar da shi daga hannunta, sai a buga kibiya ta biyu su haɗa kai da ta farko. In ka ga DP, bindigar fareti ce kawai, an yanke mata hukuncin kada a sake harba ta.

Su ma ana yi musu jabu, kuma gwanayen wannan aiki suna kan iyakar Pakistan da Afganistan, musamman garin Darra Adam Khel, inda maƙera ke kwaikwayon bindigar Ingila da hannu har da hatimanta. Abin da ke tona su shi ne sun kwaikwayi rubutun da ba su karanta ba. Sai ka ga harafin N a kalmar ENFIELD ya juya baya, ko ka ga VR tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun shekarar Sarauniyar ta rasu. Mun sha tuna wannan in muka ga tambarin wani kamfani a kan takalmi a kasuwar Rano da harafi ɗaya a birkice. Mai jabu ko'ina yake, a rubutu yake tuntuɓe.

Ita kuma daraja a wannan kasuwa ba tsufa ke kawo ta ba, ƙaranci ne. A 2003 aka kwashe wata tsohuwar ma'ajiyar makamai da ke fadar Lagan Silekhana a Katmandu ta ƙasar Nepal, inda tsofaffin bindigogi sama da 50,000 suka shekara aru-aru a jibge cikin ƙura, aka loda su zuwa Amurka. Nan da nan bindigar da a da sai mai hali ke mallaka ta zama abin da ɗan makaranta zai iya tara kuɗi ya saya. Shekarunta ba su ragu ko da kwana ɗaya ba, 'yan'uwanta ne suka yi yawa. Don haka in dillali ya ce maka a Turai ana sayen irin taka da miliyoyi, ko kuma ya ce ba ta da wani amfani taimakonka kawai zai yi, duka biyun cinikin biri a sama ne.

Maganar Bama kuwa, a nan ya kamata a taka a hankali. Gaskiya ne 'yan Arewa da yawa sun yi yaƙi a can tsakanin 1943 da 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Lee-Enfield suka riƙe. Amma soja ba ya tafiya gida da bindigar gwamnati. Ranar sallama ake karɓe ta a ƙidaya. Abin da mazan jiya suka dawo da shi lambobin yabo ne, da takardar sallama mai ɗauke da suna da lambar soja, da labarin daji da ruwan sama. In aka ce ga bindigar da kaka ya zo da ita daga Bama, sau da yawa in an duba harba-ka-ruga ce da ya saya da kuɗin sallamarsa. In kuwa aka duba aka ga da gaske Lee-Enfield ce, to ba arziki aka tono ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin harsashin .303 cikin jerin waɗanda aka haramta, ba mai riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma hukuncinta ɗauri ne mai tsawo. Wadda ake ɗurawa ta baki ma tana son izinin 'yan sanda. Ka ga abin ya juye: a Amurka ingancin bindigar soja ke ƙara mata kuɗi, a nan ingancinta ke ƙara wa mai ita shekarun gidan yari. A zamanin da muke ciki kuma, ba wanda zai tsaya jin cewa ta tarihi ce in an tsayar da kai da ita a buhu a kan hanyar Kano. Wurin irinta gidan tarihi ne, kamar Gidan Makama, ta hannun hukuma, ba ƙarƙashin gado ba.

Wannan ya sa ba mu yarda da dillalin ba tun kafin mu gan shi. Kayan tarihi na gaske ba kowa doka ta yarda ya saya ba, sai wanda Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta amince masa, kuma ba a fitar da su waje sai da izininta. Mai yawo ƙauye-ƙauye yana taya tsohuwar bindiga, ko dai zai sayar wa mai son ado a falo da sabon labarin da ya fi na Ningi daɗi, ko kuma ba tarihin yake so ba, bututun yake so. Na biyun ya fi ba mu tsoro. Mun gaya wa dattijon haka, muka kuma gaya masa gaskiya cewa kuɗin da aka taya ya fi abin da ƙarfen zai yi a ko'ina. Wannan ma abin tambaya ne.

Bai ba mu amsa a ranar ba. Ya sa jikansa ya kawo littafin makaranta, ya ce mu rubuta abin da muka karanta a jikin ƙarfen, shi kuma ya yi ta jero sunayen waɗanda suka riƙe ta, mutum biyar, har da mai yatsu takwas. Daga baya muka ji bikin an yi shi da kuɗin tumaki biyu da buhunan masara, bindigar kuma ta koma tsakanin azara, ba a goge ta ba.

Muna naɗe tabarma ne muka tambaye shi ko gidan ya gaji wani abu bayan ita. Ya ce a da akwai wani tsohon kwari na fata mai kibau a ciki, da baka da tsirkiyarta ta tsinke, a rataye a ɗakin kakarsu. Yara ma ba a bari su taɓa, don an ce kibau ɗin da dafi. Shekarar da ruwa ya rushe ɗakin aka kwashe su tare da ruɓaɓɓen bunu aka kai juji.

"Wa zai ajiye wannan?" in ji shi. "Ai kowane gida akwai irinsa."